Kama da Wane Ba Ta Wane: Wahalar Rarrabe Jinsunan Tururuwa Masu Kama da Juna

A shekarar 1758 masanin halittu ɗan ƙasar Siwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa wata baƙar tururuwa suna, wadda a yau littattafai ke kira Lasius niger. Ba baƙuwar kowa ba ce a Turai. Tana cikin lambu, tana ƙarƙashin daɓen hanya, tana shiga ɗaki neman zaƙi. Masana sun kwashe fiye da shekara 230 suna kama ta, suna kiwon ta a ɗakin gwaji, suna rubuta halayenta. Sun lura wani sa'in tana yin gida a fili inda rana ke duka, wani sa'in kuma a cikin ruɓaɓɓen itace a tsakiyar daji mai danshi, sai suka ɗauka tururuwa ce da ko'ina ya karɓe ta. Sai a 1991 Bernhard Seifert, na gidan adana halittu da ke birnin Görlitz a Jamus, ya nuna cewa ashe halittu biyu ake ta kira da suna ɗaya. Ta fili ita ce niger. Ta daji da fadama jinsi ce mai zaman kanta, ya sa mata Lasius platythorax. Abin da ya raba su a jiki bai taka kara ya karya ba: kwantaccen gashin da ke saman baki ya fi cika a jikin niger, tsayayyen gashi ya fi tsawo a jikin ɗayar, ƙirjin sarauniyarta kuma ya fi bajewa. Amma daga ranar, duk wani tsohon rubutu da ya ce an ga niger a daji sai an sake karanta shi da alamar tambaya.

Idan haka ta faru da tururuwar da ke bakin ƙofar masana, a nahiyar da aka fi bincikar ƙwarinta, mai karatu ya ƙiyasta abin da ke ɓoye a sauran duniya. Jinsunan tururuwa da aka riga aka ba suna sun haura 14,000, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa akwai dubbai da ba a kai gare su ba. Wani lissafi da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta yawan tururuwar duniya a kan tiriliyan 20,000. Halittar da ta kai wannan yawa, tana juya ƙasa, tana kwashe iri, tana cin wasu ƙwari tana kiwon wasu, rashin sanin wace ce wace a cikinta ba ƙaramin giɓi ba ne.

Harshenmu ma ya yi nasa rarrabewar: kiyashi daban, cinnaka daban, ga shazumami, ga kwarkwasa, ga gwano. Rabo ne na mai lura, an gina shi a kan girma da cizo da wari da yadda suke tafiya. Sai dai kowane ɗaya daga waɗannan sunaye rumfa ce da jinsuna da yawa ke fakewa a ƙarƙashinta. Gara kuwa, duk da zaman tare da sarauniya da sojoji, ba tururuwa ba ce sam. 'Yar uwar kyankyaso ce. Dangin tururuwa na kusa su ne ƙudan zuma da rina da zanzaro.

A tsarin masana, duk tururuwa zuriya ɗaya ce mai suna Formicidae. An kasa ta zuwa rassa 16 ko 17, gwargwadon wanda ka tambaya, rassan kuma zuwa dangogi fiye da 300, kowane dangi da jinsunansa. Sunan kimiyya kalma biyu ce: ta farko dangi, ta biyu jinsi. Matakan sama ba su cika ba da wuya ba. Ka duba siririn ƙugun da ke tsakanin ƙirji da ciki, ƙulli ɗaya ne ko biyu? Ka duba ƙarshen ciki, ƙari ne na harbi, ko ɗan rami zagayayye da ake fesa asid ta cikinsa, ko kuwa tsaga ce kawai? Ka ƙirga gaɓoɓin ƙahon da take sansanar duniya da shi. Ɗalibi mai haƙuri da madubin ƙara girma zai iya kai yawancin tururuwa ga danginsu cikin 'yan makonni. Daga dangi zuwa jinsi, nan gizo ke saƙa, musamman a dangogi irin Camponotus da Pheidole da kowannensu ya haura jinsi 1,000.

Matsalar farko a cikin gidan tururuwa kansa take. Gida ɗaya yana da sarauniya, da ma'aikata waɗanda duk mata ne, da maza waɗanda ke fitowa daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba. Ukun nan sau da yawa ba sa kama da juna ko kaɗan. Kwarkwasa ce ta fi nuna wannan a fili. Namijinta ƙaton ƙwaro ne mai fukafukai da dogon ciki, wanda ke zuwa wa fitila da dare. Linnaeus ya gan shi a 1764 ya sa shi cikin rina. A 1793 wani masanin ƙwari, Fabricius, ya ware masa dangi mai suna Dorylus. Ma'aikatan kuwa, makafi marasa fukafukai, an ba su wani dangi daban, Anomma, a 1840. Da aka samu sarauniya, ita ma aka yanka mata nata, Dichthadia. Uba da uwa da 'ya'ya, kowa da sunan danginsa. Abin da ya fara warware zaren shi ne ganin ido: a ƙarshen shekarun 1840 Thomas Savage, wani likita Ba'amurke da ke aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, ya ga mazan suna tafiya a tsakiyar jerin ma'aikatan, ba a taɓa su.

Ko a tsakanin ma'aikata ma ba a tsira ba. A Pheidole akwai ƙanana, akwai masu ƙaton kai da ake kira sojoji, duk 'ya'yan uwa ɗaya. Ma'aikatan farko da sabuwar sarauniya ke renowa tsiguguwa ne saboda ƙarancin abinci, sun sha bamban da ƙannensu da za a haifa bayan shekara biyu. Launi yana sauyawa da shekaru da zafin wuri. Har ma akwai wata tsutsa da ke shiga cikin tururuwa tun tana jaririya ta karkatar da surarta, kai ya ƙanƙance, ciki ya kumbura. Sándor Csősz na ƙasar Hungari ya nuna a 2012 cewa wasu sunayen da ke cikin littattafai an raɗa su ne wa irin waɗannan marasa lafiya. Saboda haka bambanci a cikin jinsi ɗaya yana iya fin bambanci tsakanin jinsi biyu. Wannan ita ce cibiyar wahalar duka.

Magabatan wannan fanni, Gustav Mayr na Ostiriya, Carlo Emery na Italiya, Auguste Forel da Felix Santschi 'yan Suwizalan, da William Morton Wheeler na Amurka, sun yi aiki na ban mamaki tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da shekarun 1930. Amma hanyarsu ta bar gado mai nauyi. Matafiyi ya aiko da tururuwa uku a kwalba, a ga ta ɗan fi ja ko ta ɗan fi gashi, sai a ƙara mata suna na uku a matsayin reshen jinsi, wani lokaci har da na huɗu. Sunaye suka yi rututu, ba wanda ya san wanne ke nuni ga halitta ta gaske. A 1953 Edward Wilson da William Brown suka wallafa maƙala suna sukar wannan ɗabi'a da kakkausar murya, aka shiga zamanin haɗewa. Wilson da kansa ya tsefe dangin Lasius a 1955, ya tattara sunaye masu yawa ƙarƙashin 'yan jinsuna kaɗan. Share gidan ya zama dole, kuma ya yi amfani. Sai dai tsintsiyar ta haɗa da abin da bai kamata ba. A 1992 Seifert ya dawo kan dangin ya nuna cewa abin da ake kira Lasius alienus a Turai ya ƙunshi aƙalla jinsi uku, kowanne da irin ƙasar da yake so.

Kada a ɗauka komawa aka yi gidan jiya. Na da sun raba ne da ganin ido, na yanzu da awo. Wannan shi ne sashen aikin da ba ya burge kowa, amma a ganina shi ne ƙashin bayansa. Ana manna tururuwa a kan ɗan tsinin takarda, a sa ta ƙarƙashin madubi, a auna tsawon kai da faɗinsa, da tsawon gaɓar farko ta ƙaho, da girman ido, da tazarar da ke tsakanin ƙayoyin baya, a ƙirga tsayayyun gashin da ke ƙeya da ƙafa. Ma'aunin maikuromita ne, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma idan kan ya ɗan karkace a ƙarƙashin madubin, awon ya lalace. Daga nan sai a fitar da nisba, misali tsawon ƙaho a kan faɗin kai. Ko nisbar ma ba a amince mata kai tsaye, domin jikin tururuwa ba ya girma bai ɗaya: babbar ma'aikaciya kanta ya fi faɗi idan aka gwada da jikinta, gashinta ya fi yawa. Dole a cire tasirin girma da lissafi kafin a gwada wannan da waccan, in ba haka ba za a raba manya da ƙanana a ce jinsi biyu ne.

Sannan ba tururuwa ɗaya ake yanke hukunci a kanta ba. Gida ake ɗauka. A auna ma'aikata biyu ko uku ko fiye daga kowane gida, a fitar da matsakaici, a tara gidaje ɗaruruwa daga wurare daban-daban, sai a bar kwamfuta ta duba ko sun rabu gungu-gungu. Zaman tare da ya jawo wahala tun farko, a nan ya zama rahama, domin mai nazarin ƙuda ba shi da tabbacin cewa ƙudaje biyun da ya kama 'yan uwa ne, mai nazarin tururuwa kuwa yana da shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a samu gungu biyu suna zaune a fili ɗaya, gida kusa da gida, amma babu na tsaka-tsaki. Wannan yana nufin suna da damar barbara amma ba sa yi, wanda shi ne ma'anar jinsi da masanin halittu Ernst Mayr ya shimfiɗa a 1942. Idan kuwa teku ko dutse ya raba gungun biyu, babu wannan gwajin, sai masani ya yi ijtihadi, kuma a nan saɓani ya fi yawa.

To me ya sa tun asali jinsuna daban suke kama da juna haka? Amsar tana cikin yadda tururuwa ke rayuwa. Tsuntsu da ido yake zaɓen abokin barbara, shi ya sa jinsunan tsuntsaye suka bambanta a launi, mu ma muke gane su. Tururuwa a duhu take, kuma da ƙamshi take sanin nata. An ce gwano ba ya jin warin jikinsa, amma lallai yana jin na maƙwabcinsa: fatar kowace tururuwa tana lulluɓe da wani siririn maiƙo mai kama da kaki, haɗin sinadarai gommai, wanda ke hana ta bushewa kuma yake zama shaidar gida da ta jinsi. Da taɓawar ƙaho ɗaya ta san ɗan gida da bare. Ƙari a kan haka, ma'aikaciyar da muke aunawa ba ita ke barbara ba. Babu abin da zai tilasta wa surarta ta sauya don jinsi ya rabu biyu. Idan aikin bai sauya ba, jikin ma'aikaciya yana iya zama yadda yake shekaru miliyoyi. Rabuwar tana faruwa ne a inda idonmu ba ya kai: a ƙamshi, a watan da masu fukafukai ke tashi barbara ko ma sa'ar da suke tashi, da kuma a al'aurar namiji.

Shi ya sa namiji, wanda aka daɗe ana watsi da shi, yakan raba gardama. A 2002 wata tururuwa mai gudun hauka ta bayyana kusa da birnin Houston na jihar Texas, tana cika gidaje da akwatunan lantarki. Shekara goma ba a san sunanta na gaskiya ba, ana ta danganta ta da Nylanderia pubens ta tsibiran Karebiyan, domin ma'aikatan jinsunan biyu kusan ba sa rabuwa. Sai a 2012 aka haɗa siffar maza da gwajin DNA aka tabbatar Nylanderia fulva ce daga Kudancin Amurka. Wani lokaci kuma shaidar tana can cikin ƙwayar halitta. A Ostireliya akwai tururuwa mai tsalle da mugun harbi da aka daɗe ana kira Myrmecia pilosula. A 1986 Michael Crosland da Ross Crozier suka tarar wasu gidajenta ma'aikatansu kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) biyu kacal gare su, namiji kuma ɗaya tak, alhali wasu gidajen masu kama da su suna da kusan 30. An ware ta farkon a 1991 da sunan Myrmecia croslandi.

Da DNA ta shigo, mutane da yawa sun zaci magana ta ƙare. A 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta ɗan guntun DNA ɗaya, harufa kusan 650 na wani sashe da ake kira COI, ya zama kamar lambar shaidar kowane jinsi. A 2005 aka gwada hanyar a kan tururuwar Madagaska tare da Brian Fisher, ta kuwa nuna saurinta wajen tsefe tarin samfura. Ba na raina ta. Ita ce ke haɗa namiji da ma'aikatansa a yau cikin kwana ɗaya, aikin da a da sai an yi sa'a irin ta Savage. Amma guntun nan daga maitokondiriya yake, wato wani ɗan sashe na cikin ƙwayar halitta mai nasa DNA, wadda ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. Tarihin tsatso ɗaya take bayarwa. Idan jinsi biyu sun taɓa cuɗanya, maitokondiriyar wannan tana iya zama a jikin wancan har abada, sai gwajin ya kira tururuwa da sunan da ba nata ba. Idan kuma rabuwar sabuwa ce, guntun bai samu lokacin sauyawa ba. Jajayen tururuwar dazukan Turai na rukunin Formica rufa, masu tara tudun ganye, suna da matsalolin nan biyu a tare: jinsunansu matasa ne, kuma suna haifar 'yan ruwa biyu. A kudancin Finlan an yi shekaru ana nazarin gidajen da suka fito daga cuɗanyar Formica aquilonia da Formica polyctena.

Abin da ya fi dacewa, kuma shi ne inda fannin ya dosa, shi ne a tara shaidu masu zaman kansu a ga ko za su haɗu a wuri ɗaya. Haka aka yi da Tetramorium caespitum, 'yar ƙaramar tururuwar da ke fitowa ta tsagar daɓe. Binciken 2006 ya nuna akwai jinsuna ɓoyayyu a cikinta, har aka riƙa kiran su da harufa saboda ba a san sunan da ya dace da kowanne ba. Sai a 2017 Herbert Wagner da abokan aikinsa suka haɗa awon ma'aikata da al'aurar maza da DNA iri biyu da yanayin mazauni, suka fitar da jinsi 10 a Turai. A nan aka tabbatar wadda ta cika biranen Arewacin Amurka, da aka yi fiye da ƙarni ana kira caespitum, sunanta Tetramorium immigrans. Sunan ma ba sabo ba ne, Santschi ya raɗa shi tun 1927, yana kwance cikin tarin sunayen nan da aka yi ta ƙorafi a kansu. Doka ce a wannan fanni cewa sunan da ya riga shi ke da haƙƙi, kuma kowane suna yana ɗaure da samfurin asali da ke ajiye a wani gidan adana halittu. Don haka bayan duk gwaje-gwajen zamani, sai an koma an buɗe tsohuwar durowa an auna busasshiyar tururuwa mai shekara ɗari.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, a ga bambanci a zaci jinsi ne. Jar tururuwar wuta, Solenopsis invicta, tana da gidaje iri biyu: masu sarauniya ɗaya da masu sarauniyoyi da yawa, sun bambanta a girman sarauniya da faɗa da yadda suke bazuwa. Duk da haka jinsi ɗaya ne. Wani dunƙulen ƙwayoyin gado a kan kuromosom ɗaya ke juya al'amarin. Seifert kansa ya ware ƙananan sarauniyoyin da ake samu a gidajen Myrmica rubra a matsayin jinsi a 1993, wasu masana suka rushe hukuncin a 2006. Ita invicta ɗin labarinta ya isa darasi. Baƙar 'yar uwarta, Solenopsis richteri, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama wajen 1918, jar ta biyo baya a shekarun 1930, aka ɗauke su launi biyu na abu ɗaya har zuwa 1972 da William Buren ya raba su. A mahaifarsu ta Kudancin Amurka kowace tana riƙe da iyakarta, amma a Amurka sun cuɗanya sun cika wani yanki da 'yan ruwa biyu, waɗanda da sinadaran dafi da maiƙon fata ake gane su.

Mai karatu na iya cewa, to duk wannan wa ya dama? Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi a Turai mai suna Phengaris arion. Tsutsarsa tana cin furen wata ciyawa na 'yan makonni, sai ta faɗo ƙasa ta jira. Tururuwar dangin Myrmica ta zo ta sansana ta, ta ji ƙamshin 'ya'yan gidansu, ta ɗauke ta zuwa rami. A can tsutsar take zama kusan wata goma tana cin 'ya'yan masu gidan. A Birtaniya wannan ƙwaro ya yi ta raguwa shekaru da dama. Aka zargi masu kama shi don ado, aka kewaye filayensa da shinge, raguwar ba ta tsaya ba. An duba an ga ciyawar tana nan, jajayen tururuwa ma suna nan birjik. Masanin ƙwari Jeremy Thomas ne ya zauna a kan ragowar mazauninsa na ƙarshe a shekarun 1970, yana bin tsutsa ɗaya-ɗaya zuwa ramin da aka kai ta, har ya gano cewa kowace Myrmica tana ɗaukar tsutsar, amma a gidan Myrmica sabuleti ne take rayuwa sosai. A gidan Myrmica scabrinodis yawanci asirinta tonuwa yake a kashe ta. Jinsunan biyu kuwa, abin da ke raba su a ido shi ne siffar wani ɗan lanƙwasa a gindin ƙaho.

Sabuleti tana son ƙasa mai ɗumi, wato inda ciyawa take gajeriya. Da aka rage kiwo a kan tuddan da ƙwaron yake zaune, cutar da ta karkashe zomaye a shekarun 1950 ta zo ta ƙarasa, ciyawa ta ƙaru da 'yan santimita, ƙasa ta yi sanyi, sabuleti ta janye, scabrinodis ta maye gurbinta. Shingen da aka yi don kariya ya hana dabbobi shiga, ya ƙara dagula lamarin. Mai kallo daga tsaye ba zai ga abin da ya sauya ba. Ilimin ya zo a makare, ƙwaron ya ƙare a Birtaniya a 1979. Amma da shi aka dawo da kiwo, sabuleti ta dawo, aka kawo ƙwaron daga Siwidin a shekarun 1980, ya kuwa kama. Duk lokacin da na ji ana cewa ƙirga gashin tururuwa aikin marasa abin yi ne, wannan labarin nake tunawa.

Haka abin yake wajen tururuwa masu mamaya. Lasius neglectus ta daɗe tana bazuwa a biranen Turai ana ɗaukar ta ta gida, sai a 1990 aka ba ta suna daga birnin Budapest. Tapinoma nigerrimum ta yankin Bahar Rum ta rabu jinsi huɗu a 2017, aka ga wasu daga cikinsu ne ke kafa manyan daulolin da ke addabar garuruwan Jamus da Suwizalan, musamman Tapinoma magnum. Jami'in da ke duba tukwanen shuke-shuke a kan iyaka, in bai san wace yake nema ba, ba zai tare ta ba.

Akwai kuma inda kalmar jinsi kanta take gazawa. A 2025 masu bincike ƙarƙashin Jonathan Romiguier na jami'ar Montpellier a Faransa suka wallafa abin da suka gani a Messor ibericus, wata tururuwa mai tara iri a kudancin Turai. Sarauniyarta ba ta iya haifar ma'aikata sai da maniyyin wani jinsi, Messor structor, wanda suka rabu da shi fiye da shekara miliyan 5. Duk ma'aikatan gidan 'yan ruwa biyu ne. A wuraren da babu structor, kamar tsibirin Sisili, sarauniyar da kanta take saka ƙwan da ke ƙyanƙyashe namijin structor, ta kwafo shi daga maniyyin da ta ajiye. Uwa ɗaya tana haifar maza iri biyu, ɗaya mai gashi nata, ɗaya kusan mara gashi na wani jinsi. Namijin nan na biyu yana ɗauke da maitokondiriyar ibericus, wato gwajin COI zai ba shi sunan da ba nasa ba. Wannan bai rushe aikin rarrabewa ba, hasali ma ba don an riga an raba ibericus da structor da kyau ba, da babu wanda zai lura akwai abin mamaki a gidan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan duk misalan nan daga Turai da Amurka da Ostireliya suke, alhali yawancin jinsunan tururuwa a ƙasashe masu zafi suke. Ba don tururuwar can ta fi rikitarwa ba ne, can ne aka auna gidaje dubbai. Wilson ya wallafa jinsunan Pheidole 624 na nahiyoyin Amurka a 2003, fiye da rabinsu sababbi. Kundin sunaye da Barry Bolton ya fitar a 1995, da shafin AntWeb da ke ɗora hotunan samfuran asali a intanet, sun sauƙaƙa wa mai bincike a ko'ina ya ga abin da a da sai ya je gidajen adana halittu na Janeba ko Landan. Amma hoto ba ya haƙa rami. Ana bukatar mutanen da za su tattara gida sukutum, ma'aikata manya da ƙanana da maza da sarauniya, su rubuta wuri da rana da irin ƙasar. Kwarkwasa har yau tana jiran wannan aikin: a cikin dangin Dorylus akwai sunayen da maza kaɗai aka san su da su, akwai waɗanda ma'aikata kaɗai, kuma tabbas wasu daga cikin sunayen nan biyu-biyu na gida ɗaya ne.